Daminar Da Ta Yi Tsami

Kwanon ɗakinmu ne ya fara tsegumi.
Damina uku kacal da Barau ya buga shi,
sai ga shi ja wur kamar haƙorin mai cin goro,
yana yoyo daidai kan tabarmar yara.
Muka zagi mai shago a Panteka.
Allah ya yafe mana, bawan Allah bai ci haƙƙinmu ba.

Ni mai banda ce.
Tafin hannuna ya san nauyin karfasa
kafin a kai ta sikeli.
Shekara ashirin da ɗoriya Barau na jefa birgi
a tafkin da ke bayan garinmu, kudu da Kaduna,
ni ina jiransa da itacen marke da wuƙa.

Da, ruwan nan ba ka ganin ƙafarka a ciki,
kore ne shar, mai kauri, yana warin rai.
Kwaɗi su hana mu barci,
mu tashi muna mita.
Yanzu ya yi garau
har kana ƙirga tsakuwar ƙasansa.
Baƙi su tsaya a gefe su ce, kai, ruwa mai kyau!
Barau ya kau da kai.

Ƙanana ne suka fara ɓacewa.
Taru ya fito da tsofaffin tarwaɗa biyu, uku,
manyan kai, jiki a tsotse,
babu 'ya'ya a bayansu.
Wata safiya kurungu suka taso saman ruwa
baki buɗe, suna haki
kamar masu son faɗin wata magana.
Katantanwa ma, in ka taɓa bayanta,
sai ya fashe kamar ɓawon ƙwai.

Dajin kuwa daga ka yake mutuwa.
Ɗorawar da na ci garinta ina yarinya
ta yi sanƙo a tsakiyar Agusta.
Kaɗanya ta yi fure ta zubar.
Ganyen mangwaro duk ɗigo-ɗigo,
sai ka ce an yarfa masa tafasasshen mai.

Tanimu ne ya zo hutu daga Poli
da wata 'yar takarda shuɗiya a aljihu.
Ya tsoma ta a bokitin da na tara ruwa a indararo.
Ta fito ja.
Ya ce, Inna, hayaƙi ba ya ɓata.
Na dogayen bututu, na janareto,
na tirelolin da ke kwana a bakin titi,
na tayar da ake babbakar ƙafar saniya da ita,
duk sama suke zuwa su kwana da gajimare,
su dawo mana a cikin ruwa.

Na ce, wanda ya tofa yawu sama
ai fuskarsa ya kamata ya sauka.
Me ya kawo shi kan karfasa?
Sai na dubi murhuna yana turnuƙa,
na ce, har da nawa?
Ya yi dariya ya ce naki cikin cokali ne.
Ban ji sanyi ba.

Yau birgi na rataye a bango, gizo-gizo na kamu a cikinsa.
Barau na gadi a Kakuri.
Ni ina banda kifin kwali mai ƙanƙara
wanda bai san sunan kowa a garin nan ba.

Jiya hadari ya haɗo daga gabas.
Jikata Lantana ta fita tsakar gida a guje,
ta ɗaga kai, ta buɗe baki
yadda na yi, yadda uwata ta yi.
Na fizgo ta ciki.
Ta ce, Kaka, ba ke kika ce rahama ce ba?

Na zaunar da ita a cinya,
na jawo roba na tara inda yake yoyo.