Hoton Daren Alhamis

A Narin, can bayan duwatsu,
akwai ɗaki mai ƙofar ƙarfe, babu taga.
Nan muke ajiye kwafin takardun filaye:
gonar wane, makiyayar wance, inda rafi ya raba gado,
don ran da Bishkek ta girgiza ko ta ƙone
a tarar mun bar wani abu a baya.

Shekara tara akwatin yana gurnani.
Bana faifai uku suka mutu a wata guda,
na huɗu yana ƙas-ƙas kamar haƙoran mai jin ɗari.
Ba laifinsa ba ne, gajiya.

Shugaba ya ce: sayo sabo, a tura komai ta layi.
Na ɗauki biro na buga masa lissafi.
Terabait arba'in, layi mai megabit goma:
shekara guda da kwana biyar,
in iska ba ta kayar da turke ba.
Wa ke kwashe tafki da ludayi?
Kuma duk tsawon shekarar muna tsaye da ƙafa ɗaya.

Sai na naɗe sabon da bargo a bayan mota.
Dabarar gajeriya ce:
a kwance tsohon daga layi, ya huta da baƙi,
a ajiye sabon gefensa, igiya kamu biyu tsakani,
tsoho ya biya, yaro ya haddace,
har zuwa hoton da aka ɗauka daren Alhamis,
wanda Bishkek ma ke riƙe da irinsa.
Abin da ya sauya bayan nan kaɗai zai biyo waya.

Ƙanƙara ta toshe mashigin Dolon.
Kwana biyu a rumfar direbobi,
ina fita da dare in taɓa bargon
kamar mai jinya.

Ran Lahadi na haɗa su.
Fitilu kore suka shiga ƙiftawa.
Toktosun mai gadi yana kawo gurasa da shayi mai gishiri,
ya zauna kan kwali, ya cire farar hularsa ta ulu,
yana kallon lambobi suna hawa
kamar tumakinsa ne ke dawowa daga makiyaya.

Dare na biyar ya ce, mutum sai ya san ubanninsa bakwai,
ya fara ƙirga su da yatsu.
Yana kai na bakwai kofin ya kusa suɓuce mini.
Bakwai!
Mai sharar Bishkek ba ta barin hoto ya wuce kwana bakwai,
ba ta tambaya, ba ta jin magiya.
In ta share na Alhamis, akwatunan biyu ba kakan da suka haɗa,
sai a koma farko, shekara guda da kwana biyar,
duk wahalar nan ta bi ruwa, ni da ita gaba ɗaya.

Na kira Ulukbek. Sau huɗu.
Ya ɗauka, jaririnsa na tsala kuka a kafaɗarsa.
Na ji ƙarar maɓallai, na ji ya yi tsaki, ya sake bugawa.
Saura minti arba'in, in ji shi.
Na ɗaure shi, Aizirek, ba mai taɓa shi.
Je ki kwanta, kin tayar mini da unguwa da tsakar dare, baiwar Allah,
sai da safe, mu kwana lafiya.

Ban kwanta ba.
Da asuba tsohon ya kai aya ta ƙarshe,
shafi guda kawai ya kasa tunawa.
Na roƙo shi daga Bishkek tare da sauyin mako:
gigabait sittin, awa goma sha uku,
siririn layin ya ɗauke su ba ko nishi.
Na gwada hatimi da hatimi, nan da can,
babu wanda ya yi wa ɗan'uwansa ƙarya.

Na kashe tsohon da la'asar.
Ɗakin ya rage rabin murya.
Toktosun ya ɗora tafinsa a kan ƙarfen,
ya ce har yanzu da ɗumi,
ki bari ya huce kafin ki loda shi cikin kaya.