Fiton Ƙarfe Bakwai

Rahoton ya iso majalisa a Valparaíso da bango mai sheƙi.
Ofishin Rage Ɓarna, in ji shi,
ya yi wa ƙasa tsimin peso miliyan ɗari huɗu.
Wani ɗan kwamiti ya yi hamma.
Shugaba ta dube ni ta saman tabarau:
"Nélida, je ki ƙirga mana."

Ni akanta ce. Aikina in tsare lamba
in tambaye ta wa ya haife ta.

Layi na talatin da shida:
an soke fiton ƙarfe bakwai na yamma
tsakanin wani ɗan tsibiri da gaɓar Chiloé.
Dalili, ba fasinja. Tsimi, miliyan goma sha ɗaya.

Na yi kudu, ruwa na dukan mota har na isa.
Baldomero Cárcamo, matuƙin da aka sallama,
ya tura mini littafinsa mai ƙarnin kifi.
"Gaskiyarsu," ya ce, "wani dare mutum uku,
wani dare malamar jinya da buhun dankali."
Na rubuta uku.
Ban zo yi wa kowa alfarma ba.

Sai a asibitin gaɓa na jawo wata durowa.
Rasit na hayar kwalekwale, arba'in da biyu.
Kuɗin masaukin ma'aikatan da dare ya rutsa.
Jirgi mai saukar ungulu, sau ɗaya,
daren da naƙuda ta kama Irenia Mansilla
ga fito ɗaure a gaban gidanta.
Na tara a bayan ambulan, na sake tarawa:
miliyan ashirin da tara.
Ashe kuɗin bai kwana gida ba,
daga aljihun Sufuri ya fita, ya huda na Lafiya.
An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

Ranar zama, daraktan ofishin ya zo da wuri,
yaro mai ladabi, Renato Urzúa.
Ba maƙaryaci ba ne, rabin takarda aka ba shi.
Na ce motocin nan sittin da ya sayar, ya kyauta,
haka benen da ake biya wa haya ba kowa ciki sai ƙura.
'Yan adawa suka ɓata rai.
Na karanta layi na talatin da shida,
'yan gwamnati suka karɓi ɓacin ran.
Renato ya roƙi aron ambulan ɗin,
ya daɗe yana dubawa, kunnensa ya yi ja.

Aka kaɗa ƙuri'a, bakwai da shida:
a kawo amsa a rubuce cikin kwana talatin.

Yau kwana goma sha tara.
Baldomero ya bugo, wai tsatsa ta fara cin igiyar ƙarfe,
ko ya shafa mai, ko ya bari?
Na ce ban sani ba, ni ƙirga nake yi.
Shafa dai, na ce.

Na ajiye waya, na gyara fitila,
na ɗora rula ƙarƙashin layi na talatin da bakwai.