Mako Na Talatin Da Biyu

Bara na yi cinikin biri a sama.
Wani Craig, murya kamar man shanu a kan tuwo mai zafi,
ya ce ɗaki biyu, ga teku a bakin taga,
dala ɗari bakwai, amma yau,
yau ɗin nan, akwai mai jira a bayana.
Na tura ta hanyar da kuɗi ba sa waiwaye.
Muka tuƙo awa goma daga Columbus,
Nafi'u da Ramla suna faɗa a kujerar baya
kan wa zai riga taɓa ruwa.
Yarinyar da ke karɓar baƙi ta dubi na'ura, ta dube ni,
ta sake duban na'ura.
Babu sunana. Babu Craig.
Dararen da na kwana a tsaye a asibiti
yashi ya shanye su kamar ruwan buta.

Bana tambaya na tura gaba,
kuɗi suna biye da ɗingishi.

Loretta Pruitt, daga Toledo.
Ita da mijinta suka saya a Myrtle Beach,
shekara ashirin da shida ke nan.
Ba gida suka saya ba, ba ma ɗaki ba,
kwana bakwai ne a cikin Agusta,
kamar gonar gado da magada hamsin
suke nomawa bi da bi.

Na ce, turo lambar mallaka da sunan da ke kan takarda.
Ta turo, har da lambar wayar masaukin.
Ban kira wannan ba.
Na nemo tawa da kaina, na buga a hutun cin abinci,
cokali a hannu, shinkafa tana hucewa.
Akwai Pruitt? Akwai.
Makon nata ne?
Sai da ta shigo layi muka zama mu uku
suka ce nata ne, kuma ba a bin ta ko sisi na gyaran shekara.

Na ce, a rubuta.
Ranar shiga, ranar fita, kuɗin ajiye mota,
in guguwa ta taso daga teku wa zai ɗauki asara.
Rabi yanzu, da katin da zan iya kai ƙara in an cuce ni.
Rabi sai masauki ya aiko min takardar baƙo,
Barira Sama'ila,
har da ɗan ɗigon nan da Turawa ke yar min a hanya.

Ta yi shiru. Na ɗauka ta ji haushi.

Sai ta ce, to ke fa?
Ni ta yaya zan san ki?

Ashe nata baƙin na bara
sun ƙone shimfiɗar falo, sun fasa ƙofar wanka,
suka bar mata tarar dala dubu, suka kashe waya.
Maciji ɗaya ya sare mu,
kowace tana kallon 'yar'uwarta tsumma.
Na yi dariya har wata majinyaciya ta leƙo.
Na tura mata hoton katin aikina,
na ɗora kuɗin ajiya a kan rabin.

Da za mu ajiye waya ta ce, abu ɗaya, ba na takarda ba.
Tun da Walter ya rasu ban iya komawa ba,
ina dai biya duk shekara.
Akwai kujera a baranda, ta hagu,
ƙafarta ɗaya gajeriya ce.
Ki duba min.

Asabar, ƙarfe huɗu.
Wata yarinyar ce daban a teburin.
Ta dubi na'ura sau ɗaya tak
ta miƙo makulli.
Yara suka zubar da jaka, suka yi bakin ruwa ba takalmi.

Ni na hau hawa na shida,
na zuge gilashi, gishiri ya daki fuskata.
Kujeru biyu, farare, rana ta ci su.
Na zauna a ta hagu.
Ta karkata, ta dawo.
A ƙarƙashin gajeriyar ƙafar
wani ya taɓa cusa murfin kwalba, ya yi tsatsa,
ya goce gefe.

Na mayar da shi wurinsa da yatsa,
sannan na ɗauko waya.