Jan Biro da Shuɗi

Shekara shida ke nan da na ja layi a wannan rajista.
Ɗari da goma sha biyu, na bi su da yatsa,
har shafi ya ƙare, na liƙa wata takarda da ƙaro.
Huɗu a benci, na biyar a bakin taga,
sauran a kan bulon ginin da ɗan kwangila ya gudu ya bari.

Biro biyu ne a aljihuna.
Shuɗi na wanda ya ce, "Ga ni, Malam."
Ja na wanda shiru ya amsa a madadinsa.
Shuɗin yakan kai ni ƙarshen zango.
Jan, bana sau uku ina saye a shagon Ɗanlami.

Barau kakar masara ce ta ara shi.
Ya ce mako biyu, ya ɗinke buhu ya dawo.
Yau shi ke ɗaure kaya a kasuwar Pambeguwa,
in ya hango ni sai ya shige bayan tirela.
Bitrus yana can Kawo yana jan Keke.
Ladidi da ƙannenta titi kawai suka tsallaka,
makarantar kuɗi, mai fenti ruwan ɗorawa.
Ban ga laifin ubansu ba.
Ni ma da albashi na isa, wa ya san inda nawa za su zauna?

Ɗakin gwaje-gwaje muna da shi, har da kwaɗo.
Ciki kwalabe wayam, sai jemagu.
Malama Rifkatu da alli take zuba sinadari,
ɗigo, ɗigo, a jikin allo,
ta juyo ta ce, "Ku ɗauka a nan ruwan ya sauya launi."
Yara talatin da ɗaya su ɗauka.

Iskar farkon damina ta yaye mana kwano.
An zo daga ofis, an auna, an sha lemo.
Har yau in hadari ya haɗo, darasi yakan koma kusurwa.

Ran Talata sakamako ya fito.
Shugaba ya hau babur zuwa shagon kwamfuta,
ya dawo da takardu cikin riga saboda yayyafi.
Tara suka haye.
Tara cikin talatin da ɗaya, haka za a kai Kaduna.
Tara cikin ɗari da sha biyu, in ji rajistata,
amma ita ba a tambayarta.

Asabe 'yar mai faci ta tsaya gaban allon sanarwa.
Kimiyyar da ba ta taɓa riƙe kwalbarta ba
ita ta cinye, babu na biyunta.
Sau uku tana jan yatsa daga sunanta zuwa maki,
kada ya zama rabon na ƙasa take karantawa.

Da aka koma hutu, sai ga ubanta,
tafin hannu baƙi ƙirin da taya,
yana janye da yaro cikin wandon da ya fi shi tsawo.
Bayansa maƙwabta biyu, kowa da nasa.
Ya ce, "A rubuta shi inda aka rubuta yayarsa."

Na buɗe sabon shafi, na aza rula.
"Sunanka?"
"Tanko."
Na rubuta da shuɗi, na hura tawadar ta bushe.

Jan yana aljihu.
Na shafa, na ji shi.
Yau dai ba zan cire murfinsa ba.