Abin da Ke Ƙarƙashin Taswira

Sun shimfiɗa takardar a kan goshin mota,
suka danne kusurwoyinta da duwatsu huɗu
don iskar Ojota ba ta san darajar zane ba.
Injiniya Morenike ta ɗora yatsa: nan shaguna,
samansu gidaje hawa bakwai,
nan ɗan asibiti, nan makarantar yara,
nan kuma ciyawa da benci, wai don masu shan iska.

Ni aikina riƙe sandar awo.
In tsaya inda aka ce, in miƙe kamar turke
har mai leƙen na'ura ya ɗaga hannu.
Ba wanda ya tambaye ni
me ya sa ƙafata ke kauce wa wasu wurare
tun kafin ƙasa ta nuna laushinta.

Shekara goma sha ɗaya na yi a kan tudun nan
tun ba shi da ciyawa, ba shi da shinge,
da ƙugiya a hannu, da buhu a kafaɗa.
Na san inda motocin kasuwa ke juye ruɓaɓɓen tumatir,
na san inda kwalaben allura suke kwance,
da inda tayoyi suka ci wuta wata uku,
hayaƙi na tsattsafowa ta ƙasa
kamar tukunyar da aka manta a murhu.
Nan Sallau ya tsinci agogon da ya saya masa keke.
Can Ɗantani ya taka abin da ya cinye masa diddige,
muka yi karo-karo, ya koma Gumel da sanda.

Yanzu an zuba jar ƙasa, an daddaɓe.
An kakkafa bututu suna fitar da numfashin juji,
in ka kasa kunne za ka ji yana huci
kamar tsohon da ya ƙoshi ya kishingiɗa.
Sun ce sai ginshiƙai sun ratsa sharar duka
sun taɓo ƙasar asali, kamu sittin a ƙasa,
Legas ɗin da aka binne tun ban zo ba.

Ranar Laraba aka yi gardama.
Mai kuɗin, da hular kwano sabuwa fil,
yana son makarantar a gabas, kusa da titi,
don a hango ta daga kan gada.
Na ce, ba da ƙarfi ba, da Turancin tasha:
wutar wajen nan ba ta mutu ba, barci take.
Ya dube ni kamar sandar ce ta yi magana.
Ita kuwa ta naɗe takarda, ta ce in wuce gaba.

Na kai ta.
Ta durƙusa, ta cire safar hannu,
ta dafa ƙasa, ga sanyin safiya, ga ruwa ya kwana yana zuba.
Ta daɗe ba ta ɗago ba.

Bayan mako biyu zanen ya dawo.
Makaranta ta koma yamma,
inda ɓaraguzan gini kawai aka taɓa zubarwa,
gabas kuwa an bar shi fili, bututu a jere.
Babu sunana a ƙasan takardar. Ban nema ba.

Na dai bi layukan da ido, ɗaki bayan ɗaki,
har na sami mafi ƙanƙanta, na bayan matakala,
na tambayi kuɗin hayarsa a shekara.
Ta faɗa.
Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Da yamma a cikin danfo, hanyar Agege,
na ji wani abu yana sukar cinyata.
Cokali ne, lanƙwasasshe, baƙi ƙirin,
daga ramin gwajin da aka haƙa da hantsi.
Ban san sa'ad da na sunkuya ba.
Na goge shi da bakin riga.
Ladidi za ta wanke, ta ci tuwo da shi,
ta tambaye ni na wane ne.