Rigar da Ambulan Bai Sani Ba

Fam tara na biya a shagon Misis Polglase.
A fuskar ambulan wata mace na murmushi
cikin rigar shekara ta dubu da ɗari bakwai da tamanin.
Bayansa ya ce kwana biyu ta ɗinku.
Yau kwana arba'in ke nan.

Takardar yankan kamar ɓawon albasa,
numfashi kaɗai ya isa ya ɗaga ta.
Na shimfiɗa ta kan teburin cin abinci,
na danne da gwangwanin shayi da kwalbar zuma,
ruwan saman Penzance na ƙwanƙwasa taga,
tsuntsayen teku na cacar baki kan rufi.

Layi ya ce bi nan, na bi.
Ɗigo ya ce tsaya, na tsaya.
Sai a gadon baya ta ce in sa zif.
Zif!
Wa matar da aka binne
tun keken ɗinki bai zo duniya ba?

Gani ya kori ji.
Na hau jirgin ƙasa zuwa gidan tarihi,
Jowan mai farin safar hannu ya jawo aljihun tebur,
ga ta kwance, an juyo cikinta waje.
Ɗinkin kafaɗa ya zame can baya,
ba inda takardata ta ajiye shi ba.
A hammata an haɗa ƙyalle uku,
furen ɗaya yana kallon ƙasa,
siliki ya yi tsada, ba a zubar da ko yatsa.
Zaren ya tafi daidai, ya tafi daidai,
sai ya fara tangaɗi wajen kalmasa:
ko kyandir ne ya ƙare,
ko yaro ne ya yi kuka.
Da ɗigon jini, ya koma ruwan ƙasa.
Na tambayi sunanta. Jowan ya ɗaga kafaɗa.

Da na dawo ban zagi takardar ba.
Ita ta nuna mini hanyar wuya,
ita ta san faɗin bayan Derwa, 'yar ƙanwata,
sandar makaho ce, ba idonsa ba.
Amma na sa mata almakashi.
Na mai da kafaɗa baya da yatsa biyu,
na goge tsinin ƙirji da alli,
na rufe keke da mayafinsa,
na zare allura.

Bikin gari ranar Asabar ne.
Derwa za ta bi ta bakin teku tana jan siket,
ba wanda zai leƙa hammatarta.
Ni dai na san me ke ciki.

Saura hannu guda.
Ɗan yatsana ya huje wuri huɗu,
shayi ya huce tun ɗazu.
Zif ɗin kuwa bai yi asara ba,
yana wandon kamun kifin maƙwabcina Jory,
ya ce bai taɓa samun mai santsi irinsa ba.