Mai Jingina

Kan iyaka muke, taku ɗari ka shiga Neja.
Allon "a sauka lafiya" ya yi tsatsa.
Da rana garinmu barcin mage yake,
sai janareta ya yi tari bayan lisha
ya buɗe ido, ja da kore.

Ni ba na taɓa karta.
Teburina na bakin ƙofa, ni ke riƙe jingina.

Agogon Barau na nan yana tafiya,
mai shi ne ya tsaya.
Ga jak ɗin tirelar Talle,
ga takalmin wani malamin firamare
da ya koma Kagarko da silifas ɗin bayi.
Ga zoben da aka rantse mini na gado ne,
sau uku yana fita, sau huɗu yana dawowa.

In 'yan sanda sun taso daga Kaduna
sai a ɗauke tabarma a tsallaka kwalbati.
In na can ne, a dawo.
Har kunun aya bai hucewa sanyi.

Jiya Shekarau ya ci, dubu ɗari takwas.
Ya saya wa kowa tsire, har kurman mai faci.
Gab da asuba sai ga shi gabana, ba hula,
ya ajiye waya bai ce komai ba.
Tana ta ruri. "Inna" aka rubuta.
Na kife ta, na manna mata lamba arba'in da ɗaya.

Ladan ya kira, na ƙirga, na kulle.
Na yi alwala.
Har na tayar da kabbara
ina jin ta cikin aljihun tebur.